Gammon maganaɗisu a ka: shin zai iya tayar da hannun da ya shanye?

Shin gaskiya ne an ƙera wata na'ura da ake ɗora wa mutum a ka, ta tayar masa da hannun da ya shanye? Tambayar da ke yawo ke nan a unguwarmu a Garwa tun bayan ƙaramar salla, kuma wani ɗan gajeren bidiyo ne ya haife ta. Akwai yaron unguwa da ke karatun digirin digirgir a Faransa. Ya turo wa ƙannensa hoton ɗakin bincikensu ta WhatsApp: ga mutum zaune a kujera, an ɗora masa wani abu mai kama da gammo biyu a manne, aka ji ƙas, sai babban yatsansa ya zabura shi kaɗai. Ba a kwana uku ba bidiyon ya fita daga gidan, ya shiga wayoyin 'yan kasuwa da 'yan moto, kowa na ƙara masa gishiri. Kafin ya iso gare ni, labarin ya zama wai yaron ya gano maganin shanyewar ɓarin jiki, ciwon da a asibiti suke ce wa AVC.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda uwargidansa ta kwanta da wannan ciwo wata biyar da suka wuce, ya tare ni bayan la'asar, don ya san ilimin halittu nake koyarwa a lise. Ya ce, "Malam, in yaron nan ya zo hutu, zai taho da injin? In ta kama a sayar da gonar bakin Binuwai, sai a sayar." Na ce, "Baba, don Allah ku dakata da maganar gona, ku bar ni in bincika tukuna." Na yi doguwar magana da yaron, na koma kan abin da masanan fannin suka wallafa. Ga abin da na fahimta.

Daga ina umarnin motsi yake fitowa?

Da kalma ɗaya, jijiya, muke kiran abu uku: bututun da jini ke bi, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa. Rabin ruɗanin daga nan yake. In likita ya ce jijiya ta toshe, mai jinya sai ya kama hannun yana murzawa, alhali jijiyar jini ce ta cikin kai ake nufi. Ko dai ta toshe ko ta fashe, sai wani yanki na ƙwaƙwalwa ya rasa jini ya mutu. Hannun kansa lafiyarsa lau. Tsokarsa na nan, zaren saƙon da ke cikin damtse na nan. Mai ba da umarni ne ya samu rauni, ko kuma hanyar da umarnin ke bi ya sauka zuwa laka.

An daɗe da sanin wurin da umarnin ke fitowa. A 1870 wasu likitoci biyu a Berlin, Fritsch da Hitzig, suka taɓa saman ƙwaƙwalwar kare da ɗan lantarki, suka ga ƙafar ɗaya ɓarin ta motsa. Zaren saƙon yana gicciyewa a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa rauni a hagun kai yake kashe dama, na dama ya kashe hagu. A shekarun 1930 wani likitan fiɗa a Montreal ta Kanada, Wilder Penfield, ya zana taswirar wurin a kan masu farfaɗiya da ake yi wa aiki idonsu biyu. Ya tarar hannu da leɓe da harshe sun cinye fili mai faɗi, gadon baya kuwa ɗan tsigi ya samu.

Duk wannan sai an buɗe ƙoƙon kai. Abin da fannin yaron nan ya kawo shi ne yadda za a taɓa wannan taswira ba tare da wuƙa ba.

Gammon da aka gani a bidiyo

Masu bincike na taƙaita sunansa da TMS, ni kuwa zan kira shi bugun maganaɗisu. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka nuna shi a Sheffield ta Ingila a 1985, a kan wata ƙa'ida da Michael Faraday ya gano tun 1831: maganaɗisun da ke canzawa da sauri yana haifar da lantarki a duk abin da ke kusa da shi mai iya ɗaukar lantarki. Cikin gammon nan wayar tagulla ce a naɗe. Ana sakar mata wuta mai ƙarfi na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na sakan ba, wato milisakan guda. Maganaɗisun da ya tashi ya ratsa gashi da fata da ƙashi kamar babu su, ya tayar da ɗan lantarki a saman ƙwaƙwalwa, zurfin santimita 2 zuwa 3. In gammon na kan filin babban yatsa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na wurin su harba saƙo, saƙon ya bi laka ya isa tsokar hannu cikin milisakan 20 da 'yan kai. Zaburar da aka gani ke nan.

To ga abin da bidiyon bai faɗa ba. Mutumin da ke kan kujerar lafiyayye ne, ɗalibi ne abokin karatun yaron. Yatsan ya motsa ne saboda hanyar a buɗe take tun daga sama har ƙasa. Bugun ya yi kama da mai gyaran waya da ya ɗana mita a kan layi don ya ga ko wuta na wucewa. Awo ne. Inda hanya ta yanke gaba ɗaya, kome yawan bugun da aka yi a sama, babu abin da zai isa ƙasa.

Akwai kuma salon da ake jera bugun ɗaruruwa a zama ɗaya. Bugu ɗaya a kowane sakan yakan lafar da wurin na ɗan lokaci, bugu mai sauri yakan ƙara masa kuzari. A nan ne fatan magani ya shigo, zan dawo kansa.

Yayyafin lantarki, da abin da ba shi ba

Hanya ta biyu ta fi sauƙi da arha. Sunanta tDCS. Soso biyu ake jiƙawa da ruwan gishiri, a ɗaure su a ka, a haɗa da ƙaramin batir, a saki wuta kaɗan, miliamfiya 1 zuwa 2, na minti 10 zuwa 20. Mutum ba ya jin komai sai ɗan ƙaiƙayi a fata. Michael Nitsche da Walter Paulus ne suka farfaɗo da ita a Göttingen ta Jamus a 2000. Wannan wuta ba ta isa ta sa yatsa ya motsa ba. Iyakarta ta sa ƙwayoyin wurin su ɗan fi saurin amsawa, ko su ɗan yi nauyi, gwargwadon wane soso ne a kansu. Kamar yayyafi ne da ke tausasa ƙasa, amma ba ya huɗa, ba ya shuka.

Mutane na haɗa ta da abu biyu da ba ita ba. Na farko shi ne jan wutar da ake yi wa wasu masu tsananin taɓin hankali a asibiti, wanda aka fara a Roma a 1938. Wancan wutarsa ta ninka wannan sau ɗaruruwa, da gangan ake tayar da jijjiga, kuma a yau galibi sai an sa mutum barci ake yi. Na biyu shi ne ƙananan na'urorin tausa da ake tallarsu a kasuwa da Facebook, masu faci-faci da ake mannawa a damtse. Waɗannan tsoka suke tsunkula kai tsaye. Hannun da ya shekara goma a shanye ma zai zabura in an manna masa, domin tsokar da ranta, kuma wannan zaburar ba ta nuna komai game da ƙwaƙwalwa. Ina jin takaici in na ga an nuna wa iyali wannan motsi an ce musu alamar sauƙi ce, aka karɓe musu kuɗin da ya kamata ya tafi ga maganin tansiyo, wato hawan jini. Gaskiya masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda muke ce wa kine, sukan yi amfani da irin wannan wuta a tsoka, amma a matsayin ɗan taimako cikin atisaye, kuma sun san fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Me ya kawo lissafi cikin maganar hannu?

Wannan ne rabin aikin yaron da ba ya fitowa a bidiyo, kuma a ganina shi ya fi daɗi.

A shekarun 1920 wani masani ɗan Rasha, Nikolai Bernstein, ya ɗaura ƙananan fitilu a hannun maƙera a Mosko ya ɗauki hotonsu suna dukan ƙarfe. Ya zaci ƙwararren maƙeri yana maimaita motsi ɗaya ne sak. Sai ya tarar kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu kowane bugu da hanyar da suke bi, amma kan masaba yana sauka wuri guda. Duk wanda ya tsaya a maƙera ya kalli tsohon hannu ya san haka ne, ko da bai taɓa faɗa da baki ba. Tambayar da Bernstein ya bari ita ce: jiki na da tsoka sama da 600 da gaɓoɓi barkatai, hanyoyin kai hannu baki ba su ƙirguwa, to yaya ƙwaƙwalwa ke zaɓa?

Ga kuma matsala ta biyu, jinkiri. Kafin abin da ido ya gani ya isa ƙwaƙwalwa, a sarrafa shi, gyara ya sauko hannu, milisakan 100 zuwa 200 sun wuce. Mata uku da ke lugude a turmi ɗaya ba su da wannan lokaci. In kowace ta jira ta ga taɓaryar 'yar'uwarta ta fita kafin ta saki tata, dakan ya watse. Golan ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport a filin Rumde Ajiya na Garwa, in an ajiye ƙwallo a mita 11, kusan rabin sakan gare shi. Dole jiki ya riga labari.

Amsar da masana suka tsaya a kai ita ce ƙwaƙwalwa na ɗauke da kwaikwayon jiki da na duniya a cikinta. Duk umarnin da ta aika wa tsoka, takan riƙe kwafinsa ta yi kirdadon abin da zai biyo baya, ta ci gaba da aiki da kirdadon kafin labarin gaskiya ya iso. Ka taɓa sunkuyawa da asuba ka ɗauki buta kana zaton cike take, ashe babu ruwa? Hannu ya yi sama da ƙarfi. Kirdado ne ya saɓa da gaskiya. Haka kuma ba ka iya yi wa kanka cakulkuli, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta san abin da yatsunka za su jawo ta rage masa kaifi. Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith sun gwada wannan a Landan a 1998, kuma sawun ya kai su ga ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Ƙarama ce a ido, amma cikin ƙwayoyin saƙo kusan biliyan 86 da ke kan ɗan Adam, wajen kashi 80 cikin 100 a cikinta suke.

Kalmar kirdado ba ta isa bincike ba, sai an mai da ita lamba. A 1994 Reza Shadmehr da Ferdinando Mussa-Ivaldi a Amurka suka ba mutane wani mariƙi da ke haɗe da inji, suka ce su tura shi zuwa wani ɗigo. Injin na ture hannun gefe. Da farko hannun ya karkace, da aka yi ta maimaitawa ya miƙe. Sai aka kashe injin ba sanarwa, hannun ya karkace ta ɗaya gefen, kamar mai butar nan. Ƙwaƙwalwa ta koyi turin, tana rama shi tun kafin ya zo.

Ana rubuta wannan koyo da lissafi mai sauƙin faɗa: abin da za ka yi a gwaji na gaba shi ne abin da ka riƙe daga na baya, a ƙara masa wani kaso na kuskuren da ka yi yanzu. Lamba biyu ke nan, ta riƙo da ta gyara. A 2006 Maurice Smith da abokansa suka nuna cewa lissafin ya fi dacewa da abin da mutane ke yi in aka ɗauka masu koyo biyu ne a ciki, ɗaya mai saurin ɗauka da saurin mantuwa, ɗaya mai nawa amma abin da ya kama ya kama. Malaman allo za su gane wannan nan take. Akwai karatun da yaro ke biyawa da safe ya zube kafin azahar, akwai haddar da tilawa ta dasa wadda ke tsufa da mutum. Bambancin shi ne a nan ana iya auna kowanne a ba shi lamba, a ce wane yana gyara kashi kaza na kuskurensa, yana riƙe kashi kaza.

Inda gammo da lissafi suka haɗu

Lissafi na iya cewa akwai mai kirdado, amma ba ya nuna inda yake zaune. Gammon ne ke zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Chris Miall da abokansa a Birmingham a 2007. Mutum na tafiyar da hannunsa gefe a hankali, ba ya ganinsa, sai a ba shi alama ya miƙa shi zuwa wani ɗigo. A daidai lokacin sai a buga masa maganaɗisu a ƙeya. Hannun ya kuskure, kuma ba kuskuren hauka ba. Ya tafi kamar daga inda yake milisakan 138 da suka wuce. An rikita mai kirdado na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta koma aiki da tsohon labari. Lissafi ya faɗi irin kuskuren da za a gani, aka buga, aka gan shi.

Irin wannan ne aikin ɗan digirgir a fannin. Shekara uku ko huɗu yana neman masu sa kai, yana zaunar da su suna tura mariƙi sau ɗaruruwa, wasu da wuta ta gaske, wasu da ta bogi wadda ke kashe kanta bayan 'yan sakanni, ba tare da sun san wacce aka ba su ba. Sannan ya kwana gaban kwamfuta yana ɗora lissafi a kan abin da ya tara, ya ga ko wutar ta taɓa lambar riƙo ko ta gyara. Akwai kuma wani lissafin daban, na bin sawun wutar a cikin kai: a ɗauki hoton cikin kan mutum da na'urar asibiti da ake ce wa IRM, kwamfuta ta raba fata da ƙashi da ruwa da ƙwaƙwalwa, ta nuna inda wutar ta bi. Yaron ya ce mini shi ba likita ba ne, bai taɓa duba marar lafiya ba, kuma dokar jami'arsu ba ta yarda ya ɗora wa kowa gammon ba sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu. Injin ma ba na sawa a jaka ba ne, kuɗinsa gomman miliyoyin sefa.

Wani labari ya nuna halin fannin. A 2011 Joseph Galea da abokansa suka ba da rahoton cewa yayyafin lantarki a ƙeya na hanzarta gyaran kuskure, a saman kai kuma yana ƙara riƙo. Sakamako ne mai kyau, ya dace da lissafi kamar an auna. A 2017 shi Galea ɗin da Miall da Roya Jalali suka sake gwaje-gwajen ƙeyar a kan mutane kusan 200, suka tarar tasirin ba ya tsayawa, yau a gan shi gobe a rasa. Suka wallafa haka da sunayensu. Ina girmama mutumin da zai fito ya rage wa aikinsa daraja da hannunsa, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa na fi yarda da masu binciken a kan masu talla.

To, tana warkarwa ko ba ta warkarwa?

Ga ciwon baƙin ciki mai tsanani wanda ƙwayoyin magani suka gaza, bugun maganaɗisu ya samu karɓuwa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2008. Ga shanyewar hannu kuwa, labarin bai kai nan ba.

Tunanin da aka fara da shi yana da ma'ana. Ɓarin ƙwaƙwalwa biyu suna taka wa juna birki. In ɗaya ya raunana, ana zaton lafiyayyen na danne shi fiye da kima, don haka in an lafar da lafiyayyen, mai raunin zai samu sarari. Ƙananan gwaje-gwaje da yawa sun ba da fata. Sai aka yi babba a asibitoci 12 na Amurka, mai suna NICHE, aka wallafa a 2018. Mutum 199 da suka yi wata 3 zuwa 12 da ciwon, zama 18 cikin mako 6, kowane zama bugu sannan atisayen hannu. Cikin waɗanda aka yi wa bugun gaske, kashi 67 cikin 100 sun samu ci gaba mai ma'ana. Cikin na bogi, kashi 65. Babu bambancin kirki. Amma a sake duban lambobin: biyu cikin uku sun ƙaru, a ɓangaren biyu duka, watanni bayan ciwon. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne atisayen.

Masu shakka na da hujjoji masu nauyi. A 2014 wani bincike a Landan kan lafiyayyu 53 ya tarar kusan rabinsu ƙwaƙwalwarsu ba ta amsa yayyafin ba, ko ta amsa kaɗan. A 2018 tawagar György Buzsáki ta auna a kan gawa da ɓeraye, ta tarar wajen kashi 75 cikin 100 na wutar da aka sa a fatar kai ba ya isa ciki, fata da ƙashi sun shanye shi. Masu fata kuma suna cewa laifin ba na wutar ba ne, na awo ɗaya ga kowa ne. Kaurin ƙashi ya bambanta, lanƙwasar ƙwaƙwalwa ta bambanta, wurin raunin ya bambanta, ba a yi wa gari guda riga ɗaya. A wurinsu lissafi ne zai nuna wa za a ba, a ina, nawa, kuma a wane lokaci na atisaye. Ni ina ganin ɓangaren biyu na da gaskiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce gonar da 'yan digirgir ke nomawa. Sai dai mai jinya ba zai sayar da gado a kan abin da masu shi ke gardama a kai ba.

Inda gammon ya riga ya nuna amfani ga masu wannan ciwo shi ne awo. A Auckland ta New Zealand, Cathy Stinear da tawagarta sun fitar da wani tsari a 2017 mai suna PREP2. Cikin kwanakin farko ana gwada ƙarfin kafaɗa da miƙewar yatsu, a duba shekaru, in hannun ya yi rauni sosai a buga maganaɗisu a ga ko saƙo na isa tsoka. Da wannan suna faɗin inda hannun zai kai bayan wata uku, kuma suna dacewa a wajen mutum 3 cikin 4. Wannan na taimaka wa kine ya san inda zai sa ƙarfinsa, iyali kuma su san abin da za su shirya wa.

Haɗari fa? A hannun ƙwararru kaɗan ne, ciwon kai ko ƙaiƙayi. Amma bugun na iya tayar da jijjiga jefi-jefi, shi ya sa ake tantance mai farfaɗiya da mai ƙarfe a ka ko na'ura a jiki. Wanda ya ga bidiyo ya haɗa waya da batirin moto ya ɗora wa tsohonsa a ka, wannan ba bincike yake ba, ganganci ne da rai.

Abin da ke hannunmu a nan

Babban binciken da aka yi kan wannan ciwo a Najeriya da Ghana, mai suna SIREN, wanda asibitocin Kano da Zariya na cikinsa, ya duba marasa lafiya sama da 2000 aka wallafa a 2018. Kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, kaso mafi yawa fiye da na Turai, kuma an ɗora wa hawan jini alhakin wajen kashi 90 cikin 100. Cimarmu da tasu kusan ɗaya ce, gishiri da dunƙulen miya iri ɗaya muke zubawa. Na'urar da ta fi kowace amfani gare mu a yau ita ce ta awon tansiyo da ke kowane farmasi, da ƙwayar da mutane ke dainawa da zarar kai ya bar ciwo.

In ciwon ya faɗo, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, asibiti ake nufa a take. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya. Ana buƙatar hoton skana don a bambance toshewa da fashewa, tunda maganin ɗaya guba ne ga ɗaya, kuma allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, galibi cikin awa 4 da rabi take aiki. Gidaje da yawa sukan kwana uku ana hayaƙi da shafe-shafe a kan zaton iska ce, kafin a nemi mota.

Bayan nan sai atisaye, kuma a nan lissafin can ya dawo gida. In ƙwaƙwalwa daga kuskure take koyo, hannun da aka naɗe a zane ana yi masa komai ba shi da abin koyo. Tausayinmu kan cuce shi. Mafi yawan sauƙi a wata ukun farko yake zuwa, amma ƙofa ba ta rufewa bayan nan. Yawa kuma na da muhimmanci. A 2009 Catherine Lang da abokanta suka ƙirga a asibitocin Amurka da Kanada, suka tarar a zama ɗaya marar lafiya na maimaita aikin hannu sau 32 ne a matsakaici, alhali dabbobin da aka ga ƙwaƙwalwarsu ta sake tsari a gwaji ɗaruruwa suke yi a rana. Sau 32 bai ma cika ƙaramin carbi mai 33 ba. Abin da ya gagari asibitin masu kuɗi saboda tsadar lokacin ma'aikaci, gidan Bahaushe mai jikoki da surukai yana da hannayen yin sa, in kine ya nuna musu yadda ake yi ba tare da an ja kafaɗar da ta saki ba.

Akwai kuma rabon ɗalibanmu. Gammon ya fi ƙarfin aljihunmu, amma rabin fannin kwamfuta ce da lissafi. Manhajar SimNIBS ta bin sawun wuta a kai kyauta ce, haka OpenSim ta kwaikwayon tsoka da ƙashi. Ga jami'ar Ngaundere, ga ta Marwa da makarantar injiniyoyinta, ga ta Garwa da aka kafa a 2022 da tsangayar likitanci, ga cibiyar lissafi ta AIMS a Limbe. Tambayoyin da ba mai yi mana su suna nan jibge. Kan da ake yawan ɗauka a matsayin ma'auni a fannin an haɗa shi ne daga hotunan mutum 152 a Montreal. Soson yayyafin sai ya taɓa fata yake aiki, kitso da gashi mai cika kuwa suna tare shi, kuma ba da matanmu aka auna shi ba. Wayar hannu na iya ɗaukar motsin hannun mai jinya a Gidar ko Kusiri a lissafa ci gabansa ba tare da ya hau mota ba. Kowace ɗaya cikin waɗannan ta isa kundin digirgir.

Na koma wurin dattijon da wannan bayani, a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai injin tambaya yake yi, ba magani yake bayarwa ba." Na ce, "A yanzu haka ne, Baba." Gonar na nan. An koma da Inna, uwargidan tasa, wurin kine, an dawo da ƙwayar tansiyon da aka ajiye tun wata biyu. Da hantsi da bayan la'asar jikarta kan zauna gabanta da carbi, ita kuma tana kai hannu ga kofin roba, ta kama, ta saki, yarinyar na ja ɗaya. Ran da na leƙa sun kai zagaye huɗu kafin ta gaji, yatsu biyu na buɗewa, sauran ba su fara ba. Shi kuwa yaron saura shekara guda ya kare kundinsa. Ya ce mini cikin waɗanda ya gwada akwai da dama da wutar ba ta canza musu komai ba, kuma babin da yake rubutawa yanzu a kansu ne, yana ɗora hoton kan kowannensu a kwamfuta ya ga ta ina wutar ta zurare.